Masu Zanen Ƙeya

Ni mutum ne marar zama, kuma ban taɓa musun haka ba. Shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare a tsaye na yi su, daga allo zuwa taga, daga taga zuwa bayan aji, har ɗalibai suka riƙa kukan wuyansu na ciwo wajen bi na da kallo. Da na yi ritaya sai abin ya ƙazanta. Na yi kiwon kaji, suka mutu. Na shiga darasin Larabci a masallacin unguwa, na tsere tun ba a yi nisa ba. Na sayi keke wai don motsa jini, yanzu haka yana jingine a bayan ɗaki, kazar maƙwabta na yin ƙwai a ƙarƙashinsa. In maiɗakina ta yi magana sai in ce mata zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ita kuma ta ce ko kifin ai ba ya barin ruwa.

Don haka ranar da na gaya mata na shiga ƙungiyar masu zane, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafar da take yi. Cewa kawai ta yi, "Allah ya sa wannan ta ga sabon wata." Ba ta san cewa a wannan karon ba zaman banza ne ya kai ni ba.

Abin ya faro ne ranar sunan jikata. Babbar 'yata ce ta haihu, mijinta kuma ya yi mini kara, ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyata. Da hantsi aka ce in shiga cikin gida in ga takwarar tsohuwa. Na tarar da Inna, ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a unguwar Tudun Jukun, ta rungume yarinyar a cinya. Tana ganina ta ce, "Kai, zo ka ga ikon Allah. Hancin Yaya ne sak, har goshin." Na sunkuya na duba, na yi murmushi, na ce haka ne kuwa. Na fito na zauna cikin maza, aka tura mini farantin waina, na ture shi gefe. Ban san ko hancin nata ba ne. Na lalubi fuskar mahaifiyata a cikin kaina, na rasa.

Ta rasu ina ɗan shekara bakwai ko takwas, cikin wata damina. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, domin a lokacin sai ma'aikata da masu niyyar Makka ke zuwa wajen mai hoto. Ina tune da muryarta in tana kirana daga bakin rijiya, ina tune da ƙamshin man kaɗe a tafin hannunta. Fuskar kuwa duk tsawon rayuwata na ɗauka tana nan, kamar rigar da mutum ya san ya ajiye a ƙasan akwati, bai taɓa damuwa ya buɗe ya duba ba. Sai ranar da na buɗe na tarar ba komai. Na ji tsoro a ranar, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na girma.

Mai karatu zai ce, to ba sai in tambayi mahaifina ba? Yana nan da ransa, a gidanmu na gado a nan Tudun Wada, tsoho tukuf amma da hankalinsa. Sai dai ni ne ɗansa na fari, shi kuma mutumin da ne na gaske. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce "wancan", in yana da saƙo sai ya ba ƙanena ya kawo mini ko da ina zaune a gabansa. Kullum da safe nakan je in durƙusa a ƙofar gida in gaishe shi, ya amsa idonsa na kan titi, ya tambayi mutanen gida, shi ke nan an gama. Maganar mahaifiyata kuwa ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Matar da ya aura bayanta ita ta rene ni, ta kuma riƙe ni da amana, Allah ya jiƙanta. Amma a gidan nan sunan uwata ya shiga ƙasa tare da ita.

To ni akwai abu ɗaya da hannuna ya iya. Ko idona a rufe zan zana maka taswirar ƙasar nan, in kawo kogin Kwara daga yamma, in kawo Binuwai daga gabas, in haɗa su inda Allah ya haɗa su. Sai na ce a raina, wanda ya iya lanƙwasa kogi ai ba zai kasa lanƙwasa leɓe ba. In na koyi zanen fuska, wataƙila hannu ya tuna abin da kai ya manta.

Akwai wani tsohon gareji kusa da masallacinmu, wanda duk ranar Asabar nakan ga mutane a ciki, kowa da katako a gabansa. 'Yan unguwa na kiransu masu zanen ƙeya. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka tsiya ce irin ta 'yan Tudun Wada, waɗanda ko liman bai tsira daga bakinsu ba. Wata Asabar na wuce wurin, na dawo, na sake wucewa, sannan na yi sallama na shiga.

Shugabar ƙungiyar wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana koyar da zane a kwalejin horon malamai kafin ta ajiye aiki. Kowa Malama yake ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, muryarta ba ta tashi, amma in ta kalle ka ta saman gilashin nan sai ka gyara zama. Ta tambaye ni ko na taɓa zane, na ce taswira. Ta ce ai ita ma zane ce. Sannan ta ce, "Me kake so ka koya, Malam?"

Na ce, "Fuska."

Garejin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Wata mata mai jiki da ke kusa da ƙofa har da buga cinya. Ita ce Madam, mai kemis ɗin bakin titi. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a garin nan aka haife ta, Hausarta kuma ta fi tawa gishiri. Ta ce, "Malam, ka zo gidan mai koko kana tambayar tsire. Ɗaga kai ka dubi bango."

Na duba. Ga tukwane, ga ƙofofin zaure, ga bishiyar mangwaro, ga tsohuwar keken ɗinki. Ga kuma mutane birjik, amma duk sun juya baya: mai tura baro, mace da tulu a ka, ɗan acaba da fasinjansa, tsoho a kan buzu. Babu ido ko ɗaya da ke kallona.

Malama ce ta warware mini. Garejin na wani Alhaji ne, tsohon ɗan kasuwar atamfa. Da ya sayar da motarsa sai ya ba su wurin kyauta, bisa sharaɗi ɗaya: kada a zana fuskar mai rai a ƙarƙashin rufinsa. Ya ce ya tambayi malaminsa, kuma shi ba zai tashi ranar gobe da alhakin da bai ɗauka ba. Wasu a ƙungiyar sun yarda da fahimtarsa, wasu ba su yarda ba, Madam kuwa ta ce ita a cocinsu har bango fuskoki ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Suka koma wurinsa suka tambaya, in mutum ya juya baya fa? Ya je ya yi shawara, ya dawo ya ce ƙeya ba ta da laifi.

Na ce, "To ni da fuska ta kawo ni?"

Ta ce, "Abin da za ka yi a ɗakinka, tsakaninka da Ubangijinka ne. Nan dai ƙeya. Kuma kada ka rena ta. Ƙoƙon kai ɗaya ne, ko ta gaba ka zo masa ko ta baya."

Na so in juya in fita. Abin da ya tsayar da ni shi ne kunyar dariyar da za ta biyo ni. Aka ba ni kwali da guntun gawayi, na zauna.

Tsarinsu ba wuya. Duk Asabar da safe a hallara, a kifa turmi a tsakiyar gareji, mutum ɗaya ya hau ya zauna yana fuskantar bango, saura su zana shi. Bi da bi ake yi, ba a ɗaga wa kowa. Akwai tela a cikinmu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ba ya zana komai sai ya sa masa layin dogo a gefe. Ranar da layi ya zo kaina aka ga tashin hankali. Ƙafata na rawa, wuyana na ƙaiƙayi, hulata ta matse ni, na tuna ban rufe famfo ba a gida. Na waiwaya ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe Madam ta ajiye gawayinta ta ce ita ba za ta iya zana mutum mai ƙeya uku ba. Tun daga ranar aka yafe mini hawa turmi, ni kaɗai a tarihin ƙungiyar.

Asabar ɗin ƙarshen wata kuma fita ake yi. Kwangila, inda motocin haya ke lodi, ta fi ko'ina daɗin aiki, domin a can kowa tafiya yake yi, ba wanda ke da lokacin juyowa ya kalle ka. Mukan raɓe a inuwa mu zana masu jiran mota, da masu dako, da mata masu goyo. Mun je ƙauyen Dutsen Abba da damina mun zana manoma a sunkuye. Mun zauna a bakin layin dogo a Tudun Jukun, inda tsohon ma'aikacin jirgin ya kusa yin kuka don murna. A waje sharaɗin Alhaji bai hau kanmu ba, amma hannun kowa ya riga ya saba. Ko mutum ya fuskanto mu sai mu jira ya wuce.

Sai kuma abin da suke kira ranar fiɗa. A jingina aikin kowa a bango, a bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani, mai kyau da marar kyau. Mai zanen ba shi da bakin magana har sai an gama an miƙa masa kofin ruwa. A nan na sha wuya. Sauran mutane kan kawo zane ɗaya gamamme, ni in kawo tari, ba wanda ya wuce kafaɗa. In na fara mai dako sai in hango mai lemo, in na koma kan mai lemo sai wata akuya ta ɗauke mini hankali. Malama ta taɓa ɗaga wani kwalina ta ce, "Malam, kai ba ka kallon mutum. Auna shi kake yi, kamar za ka raba shi jihohi." Aka yi dariya, na shanye ruwana ina huci.

Duk da haka ina koyo, ko da ban so in yarda ba. Na gane yadda kunne ke zama a kan muƙamuƙi, da yadda wuya ke ɗaukar kai. Abin da na tsinta a gareji sai in kai shi gida. Bayan sallar azahar in shige ɗaki in rufe ƙofa, in zana kai mai siffar ƙwai, in raba shi gida biyu, in sa ido, in sa hanci, in zauna ina jiran wata ta leƙo daga cikin takardar. Ba ta leƙowa. In yage, in tashi in zaga tsakar gida, in dawo in sake.

Da na ga kaina ba zai ba ni ba, sai na shiga bin dangi. Na hau acaba zuwa Tudun Jukun wurin Inna. Ta ce Yaya fara ce sol, doguwa, mai dogon hanci, da wushirya, da bille a kumatun hagu. Na rubuce a kaina, na dawo. Washegari na je wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta zauna gida ɗaya da ita. Ta ce, "Wa ya ce maka fara ce? Wankan tarwaɗa ce. Kuma ba wani tsawo gare ta ba, tafiya dai ta iya. Bille? Ni ban ga bille ba. Kai, ko akwai ne?" Ta kalli ƙasa, sannan ta ce ita dai ta san ta iya dambu.

Na zana ta Inna, na zana ta Gwaggo, na gauraya su na zana ta tsakiya. Na kai wa Inna ta farko. Ta kai takardar kusa da ido, ta nisanta ta, ta ce, "Wannan ai 'yarka ce mai jego." Na koma na sake. Ta ce wannan kuma ta yi kama da mai ƙosan bakin masallacinmu. Da na duba sai na ga gaskiyarta, har ɗaurin bakin. A zuwa na gaba ta daɗe tana kallo, sai hawaye. Ta ce, "Allah sarki, Yaya. Ita ce." Ban san lokacin da na dawo gida ba don murna. Na kasa zaune na kasa tsaye, na nuna wa maiɗakina, na nuna wa 'ya'yana.

Da na bar abin a nan da na huta. Amma zuciyata ba ta iya kwanciya ba. Bayan 'yan kwanaki na ɗauki wata fuskar daban, mai faɗi, marar bille, wadda ba ta haɗa komai da waccan ba, na kai mata. Ta karɓa, ta kalla, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Allah sarki, Yaya. Ita ce." Nan na gane tausayina take ji. Ta gaji da ganina ina sintiri da takarda, tana so in samu in huta. Ban ji haushinta ba, amma a kan acaba ina dawowa na yi kuka, da girmana da furfurata, iska na busar da hawayen.

A gida na zama abin tsoro. Ba na cin abinci a zaune, magana kaɗan sai faɗa. Buhun gawayin girki ya riƙa raguwa, bangon ɗaki duk shatin yatsu. Wata rana maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi tarin yagaggun takardu ta ce, "Malam, in ba ƙira, me ya ci gawayi?" Na daka mata tsawar da har yau nake jin nauyinta. Ta juya ta tafi. Da yamma ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta ce a hankali, "Ka je ka tambayi Baba mana. Shi ne fa ya fi kowa ganinta."

Na je. Bayan na gaishe shi ban tashi ba kamar yadda na saba. Na gyara zama a gefen tabarma. Ya lura, domin na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Na ce, "Baba, dama akwai abin da nake so in tambaya, game da marigayiya." Bai juyo ba. Sai ya ƙwalla wa ƙanena kira ya ce a kawo masa buta. Ko hantsi bai gama ɗagawa ba, ba sallar da ake shirin yi. Ya tashi da ƙyar ya shige zaure da butarsa. Na zauna ni kaɗai a kan tabarmar, raina a ɓace. A ranar na ji haushin mahaifina, na ji haushin kunyar da aka gada aka ɗora mana. Ga mutum yana riƙe da abin da nake nema, ya gwammace ya tafi da shi kabari.

Asabar ɗin da ta biyo baya ana yayyafi, mutane kaɗan suka zo. Madam ce a kan turmi. Na zauna ne kawai don ba ni da wurin zuwa. Idona na kanta amma hankalina ba ya wurin, ina ta saƙa maganganun da zan gaya wa tsohon nan waɗanda na san ba zan taɓa faɗa ba. Hannuna dai na ta tafiya. Ban tashi ba, ban canja kwali ba, ban ma ji lokacin da Malama ta ce a ajiye gawayi ba.

Da aka zo fiɗa aka jingina nawa. Mace ce a tsaye, siririya, tana tafiya. Kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka. Hannunta na dama ya zagayo ta baya ya riƙe gwiwar hannun hagu. Ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, jela ɗaya ta fi ɗaya tsawo tana lilo a ƙeya, diddigenta ɗaya ya ɗaga daga cikin takalmi.

Madam ce ta fara. "Malam, yaushe na rame haka ban sani ba? Kuma ni a zaune nake. Wannan riƙon hannun ma ban taɓa yin sa ba tun da uwata ta haife ni."

Tela ya ce ƙafar ta yi tsawo. Ma'aikaciyar jinya ta ce hannun hagun kamar mai ciwo. Malama ta zo ƙarshe. Ta ce laifi na farko, an sa ni in zana abin da ke gabana na zana abin da ba ya nan, kuma wannan ba tarbiyyar ƙungiya ba ce. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Amma tun da ka zo, yau ne ka kai mutum har ƙasa." Aka miƙo mini ruwa. Ta ce, "Wace ce?"

Na ce ban sani ba.

Ba ƙarya na yi ba. Zuciyata ta raya mini wani abu, domin ina kallon kwalin sai na ga hanyar injin niƙa, na ga kaina ƙarami ina bin wata a baya da ƙwarya a ka. Yaro ai a baya yake tafiya. Amma bayan abin da ya faru da fuskokin nan na daina yarda da kaina. Wa ya sani ko wata ce na gani a Kwangila ta maƙale mini? Inna kuwa ko hoton tulu na kai mata cewa za ta yi Yaya ce. Na jefa kwalin a bayan ƙofar gareji, na ci gaba da yaƙi da ido da hanci a gida.

Sau ɗaya a shekara, bayan babbar salla, ƙungiya kan yi baje koli. A share gareji, a ɗaura igiyoyi, a rataye aikin shekara, a buɗe ƙofa ga duk mai so. A ƙa'idarsu mai zane ba ya zaɓar abin da za a rataye masa, Malama ke zaɓa. Da na iso da safe na tarar ta zaro kwalin nan daga bayan ƙofa, ta kakkaɓe shi, ta rataye a bangon ƙurya. Na ce a sauke. Ta dube ni ta saman gilashi, na ja bakina.

Jama'a sun zo fiye da zatona. Mata da yara suka cika wurin da hantsi, ana ta nuna ƙeyar wane da ta wance ana shewa. Ni ina ta shiga da fita, in ɗebo ruwa, in gyara igiya, in je bakin titi in dawo ba tare da na san abin da na je yi ba.

Ashe Alhaji mai gareji yana da tasa al'adar. Duk ranar baje koli, in an idar da la'asar, sai ya tattaro dattawan sahun gaba ya kawo su su shaida cewa ba a karya masa sharaɗi ba. Ina tsaye ina kwance wata igiya na ji muryarsa: "Ku shigo, ku shigo, ku zama shaida. Wanda ya ga ido ko hanci ya gaya mini, yau ɗin nan in sa kwaɗo." Suka shigo da sandunansu. Na biyar ɗinsu ko na shida mahaifina ne. Ban taɓa kawo wa raina zai zo ba, domin shi ba ya shiga inda ya san ina ciki. Ina jin Alhaji ne ya riƙo hannunsa, ya rasa yadda zai ƙi.

Dattawan suka bi bango suna dariya. Wannan ya ce ga ƙeyar tela, wancan ya ce wallahi ga mai shayin Kwangila har da tawul ɗinsa. Mahaifina na biye da su a hankali, yana kallon ƙasa fiye da bango, irin na wanda aka tilasta. Har suka kai ƙurya. Sauran suka wuce, shi ya tsaya.

Ya daɗe a wurin. Alhaji ya gama zagayensa, ya yi godiya, ya kwashi mutanensa suka fita, shi bai motsa ba. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wa ya yi wannan?"

Malama ta ce, "Ɗanka ne, Baba." Sannan ta yafito Madam da sauran, suka fice waje.

Na matso na tsaya a ɗan nesa da shi. Ya ɗaga hannu, ya kai yatsa kusa da gwiwar hannun nan, bai taɓa ba.

"Haka take riƙe shi," in ji shi. "Tun da ta zame a bakin rijiya hannun yake mata tsami. In za ta yi tafiya sai ta tallafe shi ta baya. Na ce a kai ta wurin mai ɗori, ta ce ba komai."

Tun da nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka a kanta ba. Ashe ita ce. Ashe akwai abin da ya rage mini nata wanda ba aro na yi ba.

Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Idanunsa sun yi fari-fari don tsufa, sun kuma cika da ruwa. Ya ce, "To juyo mini da ita."

Na ce, "Baba, ai an hana fuska a nan."

Ya ce, "Ba a nan ba. A gida. Ka yi mini a gida, ba wanda zai gani."

Na ce, "Baba, na yi ta yi. Shi ya sa na zo maka rannan. Ban riƙe fuskar ba."

Ya ci gaba da kallona kamar bai ji ba. Sannan ya mayar da idonsa kan kwalin, ya dafa sandarsa da hannu biyu.

Ya ce, "Ashe kai ma."

Muka tsaya a bayanta, ni da shi, har Alhaji ya leƙo ya ce lokacin rufe gareji ya yi.